Da Sauƙi Za A Ce

Kwanan baya aka ɗauke ni a mota daga Furana zuwa wajen Kudan, gaisuwar mutuwa. Ban gama da goro ɗaya ba direba ya ce mun iso, ko da yake goro yanzu yana daɗewa a bakina. Duk tafiyar ina leƙe ta taga, ina neman hanyar da na sani, ban gan ta ba. Titin yanzu a miƙe yake, ba ruwansa da kwari, ba ruwansa da tudu, inda rafi ya tare shi sai ya hau gada ya wuce ta kansa ko sallama babu. Sau ɗaya na hango wata tsamiya can tsakiyar gonar masara, na ce wa direban da can ta gindinta hanya take bi. Ya ce, "Allah sarki, Baba," ya ƙara wuta. Ban ga laifinsa ba. Wanda bai taɓa tura keke a hawan dutse da rana tsaka ba, tsamiya a wurinsa itace ce kawai.

A zamanin da nake magana Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, sabuwar tutar ma sai wanda ya je Ikara yake ganinta. Keke uku ne a ƙauyenmu: na mai unguwa, na wani mahauci, sai na mahaifina. Tsofaffi basukur suke ce wa keke. Na Baba baƙi ne, mai nauyi, sirdinsa ya sha faci da fatar akuya, kuma kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kifa shi a ƙofar zaure ya ɗiga wa sarƙar man gyaɗa da gashin kaza. Sai da na fara gemu, irin wanda ake iya ƙirgawa, kafin ya yarda in fita da shi ni kaɗai. Daga nan kai barkono da gyaɗa kasuwa ya dawo kaina, kuma a raina duk ƙasar nan babu mai taka feda kamata. Na san hanyoyin kamar yadda mutum ya san halin maƙwabtansa: wadda ke da daɗi da rani ta zama masifa da damina, wadda ke da ƙaya kusa da garken shanu, wadda take da rijiya mai ruwan sanyi a rabin tafiya. Abin da ya fi zama mini a kai shi ne ƙarar. Idan ka gama hawan tudu ka saki feda a gangara, tayar baya takan riƙa yin tsik-tsik-tsik, iska ta cika maka riga, kana jin kukan kurciya da dakan mata daga wani ƙauye da ba ka ko gani. Babur ɗin yanzu ba ya barin mutum ya ji komai sai babur.

Hanya kuwa tana da dokokinta, kuma ba En'e ce ta kafa su ba. Ba a kaɗa wa babba ƙararrawa. In ka taras da shi a gaba sai ka rage gudu ka yi gyaran murya ko sallama. Ba a kuma gaishe shi daga kan sirdi. Baba yakan ce wanda ke kan keke ya fi na ƙasa tsawo, ita kuwa gaisuwa hawa take yi, ba ta gangarowa. Saboda haka duk inda ka ga dattijai a gindin bishiya, ko malami zaune da littattafansa a ƙofar gida, sauka za ka yi, ka jingine keken, ka durƙusa, a tambaye ka gida, a tambaye ka gajiya, a tambaye ka ruwa, a tambaye ka ɗan wane ne kai, kana amsawa har su gaji don kansu su ce, "To, a sauka lafiya." Mu samari muna jin haushin wannan a ɓoye, musamman idan dattijon ya rasa inda zai zauna sai tsakiyar gangara mai daɗi. Jikokina yanzu sukan wuce ni a kan babur su danna hon, wai sun gaishe ni ke nan.

Baba yana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Baffa. Ranar rabon gadon kakanmu gardama ta tashi a kan wata fadama, Baba ya kira wan nasa da sunansa na yanka, gatsal, a gaban liman da jama'a. A wurinmu ƙane ba ya haka, Yaya ake cewa. Kafin damina ta sake faɗuwa Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Taba, wurin dangin mahaifiyarsu, ya bar fadamar da aka yi faɗan a kanta. Magana zarar bunu ce. Shekara goma sha uku ba su sa juna a ido ba. Mata dai sukan yi zumuncinsu a ɓoye, ni ma an taɓa zuwa da ni bikin suna a can, amma a gidanmu ba a ambaton Taba idan Baba yana kusa, sai dai a ce "yamma".

Ciwon Baba ya fara ne cikin marka, tari da kumburin ƙafa. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu, na goya shi a bayan keken nan nasa zuwa asibitin sha-ka-tafi a Ikara, yana riƙe da ƙuguna yana yi mini faɗa a kan ramuka. Da damina ta zo ƙarshe ya daina fitowa zaure. Wata rana bayan sallar asuba Inna, wato mahaifiyata, ta ce yana kirana. Na same shi a jingine da bango, sai na matsa kusa kafin in ji abin da yake faɗa.

"Ka ɗauki keken ka tafi Taba. Ka ce wa Yaya ina gaishe shi. In ya sami sarari ya leƙo ni."

Tunda na yi wayo ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Na ce to. Inna ta biyo ni har zaure da ƙullin fura, ta ɗaura a kariyar keken da kanta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ka ga dai yadda yake. Kada ka dawo kai kaɗai." Ba ta ƙara ba, don a ganinta wanda ya fara gemu ya san sauran.

Daga wajenmu hanyar yamma da faƙo take farawa, mai daɗin gudu, tsakanin dawa da ta fi mutum tsawo, raɓa tana jiƙa maka wando har gwiwa. Sai a shiga gindin duwatsu, inda hanyar ke ta kewaya manyan falalen dutse kamar ta manta inda za ta. A nan dole ka sauka ka tura, birai suna kallonka daga sama ba su da aikin yi. In ka kai ƙoli kwarin gaba ɗaya zai buɗe maka: rake kore shar a fadama, giginyu jefi-jefi, hayaƙin ƙauyuka, da rafi yana ƙyalli a tsakiya. Gangarar wajen ita ce ladan wahalar, sai dai tana da tsakuwa, wanda duk ya matse birkin gaba a kanta zai gaida ƙasa da haɓa. A ƙasa maƙetara take. Ranar ruwa ya kai ƙugu, na tuɓe riga na naɗa a kai, na saɓa keken a kafaɗa na ƙetare, yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafata. Daga can sai ƙasar Makarfi da baƙar lakarta mai kama taya, tafiya kaɗan sai ka tsaya ka sami kara ka sakace ta, ka sake hawa.

Ban san sau nawa na sauka gaisuwa a ranar ba. Na dai tuna ta wajen Dandamisa, wasu dattijai uku a gindin tsamiya suna tufka igiya.

"Samari, daga ina da hantsin nan?"

"Daga Furana, Baba. Taba za ni."

"Lafiya dai?"

"Mahaifina ne ba ya jin daɗi, saƙo zan kai."

"Assha. Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Haka aka koya mana. Mai jinya ba ya cewa babu sauƙi, kada ya zama ya yi wa Allah butulci. Ko mutum yana kan gargara, da sauƙi ake cewa. Na faɗe ta a gindin tsamiyar, na faɗe ta wurin mai facin da ya ara mini famfo kusa da layin dogo, na faɗa wa wani malami mai farin rawani da ya tsare ni da tambayar danginmu har inuwa ta matsa. Kafin in isa ƙasar Kudan kalmar ta yi santsi a bakina kamar dutsen bakin rafi, har ni ma na fara jin kamar da sauƙin.

Na shiga Taba ana kiran azahar. Aka ce Baffa yana fadama wurin matsar rake. Tun daga nesa ƙamshin mazarƙwaila ya tarye ni. Doki yana kewaya inji, mutum biyu suna tura masa rake, ruwan yana tafasa a wani ƙaton kasko, ƙudan zuma ko'ina. Baffa yana tsaye a bakin kaskon da dogon ludayi yana kwashe kumfa. Kamarsu ɗaya da Baba, kamar Baban ne ya warke ya riga ni zuwa. Na jingine keken na durƙusa.

"Wannan ɗan wajen ƙanena ne," in ji shi, ba tambaya yake yi ba.

Muka yi gaisuwa har ƙarshenta. Sa'an nan na ce, "Baba ne ya aiko ni. Ya ce, ka ce wa Yaya ina gaishe shi, in ya sami sarari ya leƙo ni."

Ludayin ya tsaya a hannunsa.

"Da bakinsa ya ce Yaya?"

"Da bakinsa, Baffa."

Ya juya ya shiga tura busasshen ɓawon rake a wuta, ya daɗe yana turawa, fiye da abin da wutar take bukata. Can ya miƙe ya ce, "Na ji an ce yana kwance. Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya zuba mini ido yana jira. Na sunkuyar da kai, yadda ake yi a gaban babba.

"Yana cin abinci?"

"Yana taɓa kunu." Gaskiya ce, amma ta shekaranjiya.

Ya sauke ajiyar zuciya. "To, madalla. Madalla. Ka ga raken nan an riga an sare shi, in ya kwana biyu a ƙasa tsami zai yi, kuma ba nawa ne ni kaɗai ba. Gobe mu gama matsa, jibi da asuba mu kama hanya tare. Je ka cikin gida su ba ka ruwa."

Maganar jinya a wurin manya hawa-hawa ce, ni kuwa a lokacin hawan farko kawai na iya. "Da sauƙi" ta masu wucewa ce, ba ta ɗauke da komai. Idan ɗan'uwa na jini ne ya tambaya, kuma abin ya yi nisa, sai a sa mata wutsiya, a ce, "To, da sauƙi za a ce." Wanda ya ji haka ba ya sake tambaya, takalminsa yake nema. Wutsiyar nan Baffa ya tsaya jira. Na sha jin ta a bakin tsofaffi, amma ban taɓa lura cewa aiki take yi ba, na ɗauka jan magana ne irin nasu. Kuma ba zan ɓoye ba, ko a bakin kaskon nan zuciyata ta ce in ƙara wani abu. Kunya ce ta hana ni. Ta yaya zan dubi dattijon da ya gama cewa madalla har sau biyu in ce masa ƙanensa tafiya zai yi? Na ce wa kaina ai Inna cewa ta yi kada in dawo ni kaɗai, ga shi kuwa tare za mu koma. Yanzu waya ake bugawa, yara su faɗi komai yadda yake: an sa masa ruwa, ba ya gane mutane, likita ya ce kaza. Da farko abin yakan yi mini nauyi a kunne. Ban ce ya fi namu ba, ban kuma ce bai fi ba.

Washegari na yini ina tura rake a inji, ina shan ruwansa har cikina ya ƙulle. Matar Baffa ta yanka mini zakara. Na ci da daɗi. Wannan ma ina faɗinsa ne don haka aka yi.

Ranar tafiya Baffa ya fito da nasa keken, wanda ya girmi na Baba, ko ƙararrawa ba shi da ita. Ya ɗaura mazarƙwaila a naɗe cikin ganye. "Ubanka tun yana yaro ba ya iya ganinta ya kau da kai," in ji shi. Da na nufi hanyar da na biyo sai ya kira ni. "Waccan ta samari ce, masu son wahala. Zo in nuna maka ta masu hankali." Muka bi ta kwari, gefen rafi, wata 'yar siririyar hanya tsakanin rake da rake, ganye yana shafar mana fuska. Babu hawa, babu tura keke, inuwa kusan duk tafiyar. Ya san inda falalen dutse yake kwance a ƙarƙashin ruwa, ka ƙetare bai wuce idon sawu ba, alhali gaba kaɗan sai ka yi iyo. Sauka ma ta ragu, don yanzu shi ake tashi a gaisar. Kuma bakinsa bai rufu ba. Nan zuma ta taɓa korarsu suna yara. Nan suka saci gwaiba mai gona ya kama Baba shi ya gudu, daga baya kunya ta dawo da shi aka zane su tare. A wata maƙetara ya ce nan ya taɓa ɗaukar Baba a wuya za su gidan kakanninsu, tsoron ruwa ya sa ya yi masa fitsari a ƙeya. "Tun ranar ya fara raina ni," in ji shi, yana dariya har keken yana layi. Ban taɓa yin tafiya mai daɗin wannan ba, kafinta ko bayanta.

Rana ta kusa tsaka muka iso inda hanyarsa ta haɗu da tawa, a maƙetara ta ƙarshe a gindin duwatsunmu. Muka hango mai keke yana gangarowa. Mahaucin ƙauyenmu ne. Da ya gane mu sai ya sauka tun daga nesa, ya turo keken a hankali, ya ƙetaro ruwan ya durƙusa gaban Baffa. Suka yi gaisuwa cikakkiya, gida, gajiya, ruwa, babu abin da aka tsallake. Sa'an nan ya ce, yana kallon ƙasa, "Dama wurinku aka aiko ni. Jikin ne ya yi tsanani."

Na ɗaga keke zan saɓa a kafaɗa. "Baffa, mu yi sauri."

Baffa ya kwantar da nasa a kan yashi ya zauna kusa da shi.

"Ajiye, ɗana. Sauri ya ƙare." Ya dubi mahaucin. "Yaushe?"

"Jiya bayan la'asar. An kai shi kafin magariba."

Wannan shi ne hawan ƙarshe na maganar, ba a cewa ya yi tsanani sai an riga an rufe. A bakin ruwan nan na koye shi. A nan kuma na yi lissafin da ba sai an yi mini ba: da jiya da asuba muka taso, da kafin azahar muna gida.

Inna ba ta tambaye ni komai ba, a ranar ko bayanta. Da Baffa ya shiga yi mata gaisuwa ina jin ta daga tsakar gida tana ce masa, "Jiya tun hantsi, duk ƙararrawar da ya ji daga hanya sai ya ce a shimfiɗa tabarma." Baffa ya ce Allah ya jiƙansa, ya fito. Mazarƙwailar aka farfasa aka raba wa masu zaman makoki.

Bayan addu'ar bakwai ya yi shirin komawa, na raka shi bayan gari, yana tura kekensa ina biye da shi. Sai da muka kusa inda gangara ta fara na iya buɗe baki.

"Baffa, ranar nan da ka tambaye ni jikin..."

"Na sani."

"Da na ce maka..."

"Na ce na sani." Ya tsaya ya danna tayar baya da babban yatsa, kamar ita ce damuwarsa. "Kai wutsiyar magana ka yar a hanya, kuma yaro ne kai. Ni fa? Hanyar nan daga asuba zuwa azahar ce. Ga keke a zaure. Shekara goma sha uku ina zaune ina jiran a ce mini Yaya." Ya ce in kula da mahaifiyata, ya hau ya bi gangara.

Don ya sauke mini kaya ya faɗi haka, na sani, kuma bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Na yi shekaru ina juya ta ko za ta zauna mini. Gaskiya ce, babu ƙarya a cikinta ko kaɗan. Sai dai shi a shekarun nan goma sha uku babu wanda ya aike shi. Ni aka aika.